Itacen Jegon Auta

Mun tashi daga Kano gari bai gama wayewa ba, ni da maigidana, da saƙo guda a kaina. Mama ce ta ba ni shi tana riƙe da ƙofar mota: “Ki kawo mini Auta. A ɗakina za ta yi jego.” Auta ƙanwata ce, mijinta mai bishara ne a wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar. Sun daɗe da aure Allah bai kawo rabo ba sai yanzu, ga ciki ya tsufa. A wurin Mama, mai cikin fari gida take zuwa goyon ciki, mishan ko ba mishan ba.

Da muka wuce Gujungu sai ƙasa ta buɗe. Kaka ce, gonakin zoɓo sun yi ja wur, riɗi kuwa an yanke an jingine shi tsaye yana shan rana. Na jingina kai da gilashi, ban san inda tunani ya tsaya barci ya ɗauka ba. A Gagarawa Tasha muka sha koko da ƙosai, ƙosan nan ya ƙanƙance kamar na wasan yara, mai suyar ta ce in je in tambayi mai wake. A Gumel maigidana ya ce shi ya san hanya, ba sai an tambayi kowa ba. Haka muka yi ta tafiya har muka fara cin karo da manyan motoci masu lambar Nijar, wani mai babur ya ce mana Maigatari ce a gabanmu. Kallon maigidana kawai na yi, ya juya kan mota.

A Sule Tankarkar muka bar motar, don yashin gaba ba na ƙaramar mota ba ne. Mijin Auta, wanda duk ƙauyen ke kira Malam, ya zo tarbarmu da amalanken maƙwabcinsa. Wallahi ban taɓa jin tafiya mai daɗin wannan ba. Shanu na tafiya a hankali, ƙafa na nutsewa cikin yashi ba ƙara, sama ta yi faɗi har ta ba ni tsoro. Itatuwa jefi-jefi, ka ga ɗaya ka daɗe ba ka ga wata ba.

Gidansu ɗaki biyu ne na ƙasa, sai rumfar kara wadda ita ce cocin, ita ce makaranta, ita ce wurin wankin ciwo. Da sassafe ladan zai kira salla, can kuma ka ji Malam da Auta da 'yan mutanensu suna rera waƙar safe ƙasa-ƙasa. Daga nan Malam ya saɓi fartanya ya nufi gona. Auta ta shimfiɗa tabarma, mata su zo koyon karatu da goyo a baya, wata ta kawo wayar mijinta a sa mata caji a sola. Da kara da busasshen kashin shanu ake girki, don itace a nan abin nema ne.

Na isar da saƙon Mama, Auta ta ce, “Yaya, a asibitin Gumel nake awo, can zan haihu, Malam ya gama shiri da mai mota. Amma wanka nan zan dawo.” Raina ya ɓaci sosai. Na ce, “Ke Auta, ki ji tsoron Allah! Uwarki ba ta barci, ke kina nan kina mini taurin kai? A nan ma da me za a dafa miki ruwan? Da kashin shanu?” Murmushi kawai ta yi, ta ce in je in kwanta, rana ta yi.

Na kwanta a gindin dogon yaro, iska na kaɗawa, barci na ɗibana yana sakina. Sai na ji tim a bayan ɗaki. Na ce mafarki ne. Can an jima, tim. Na tashi na zagaya, sai ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka tana juyawa abinta, ko sallama ba ta yi ba. A jikin bango kuwa itace ne jibge ya kusa kai tsayina, busasshe, mai kauri, irin wanda tun Gumel ban ga itaciyarsa ba.

Wata tsohuwa da suke kira Iya ta same ni tsaye baki buɗe. Ita ta gaya mini tun ranar da cikin Auta ya fito, duk macen da ta samu ice mai kyau sai ta jefa a nan ta wuce. Ba wanda ya ce a yi. Ta shiga nuna mini da sandarta: wannan na matar liman, wannan daga ruga, wancan wani ya ɗauro a jaki tun daga kasuwar Maigatari. Ta ce, “'Yata, ke ce kika zo ɗauke mana ita? Ba haihuwar da aka yi a garin nan da yarinyar nan ba ta dama kunu ba. Ta goya 'ya'yanmu, ta koma ɗaki ta share hawaye, duk muna gani. Yanzu nata ya zo, a ce ba mu za mu dafa ruwa ba?” Ni mai baki, ranar kuka kawai na yi.

Washegari muka dawo Kano da yamma. Mama na ƙofar gida, ba ta dube ni ba, kujerar baya ta leƙa. Da ta ga ba kowa, sai ta zauna a dakali, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tafi da niyyar ceto ƙanwata daga daji, na tarar tana da dangi a can, abin da tafiyar ta koya mini ke nan, amma ta yaya zan faɗa wa uwa haka? Sai na miƙa mata wayata, da hoton itacen, na ba ta labarin Iya.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Duk wannan na Auta ne?” Na ce nata ne. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ana jan kaya a ƙarƙashin gado. Sai ga ta da babbar tukunyar da ta dafa mana ruwan jego ni da yayyena, da ƙullin kanwa a ciki. Ta dire ta gaban maigidana ta ce, “Yanzu dai ka san hanya ko? To, su sun tara itace. Wutar ni zan hura.”