Ruwan Ganda da Alam

Hoton Baba guda ɗaya ya rage mana bayan rasuwarsa, ɗan mitsitsi, na jikin katin aikinsa. Idanun Inna kuma sun fara yana. Kullum sai ta kai shi dab da hanci, ta ce, "Ni ban ganin komi."

Abin ya tsaya mini a rai. Na sa aka ƙara girmansa a kan farar leda a Sakkwato, na nufi Shagari wurin wani tsohon mai hoto, abokin Baba, wanda ya iya buga hoto da hasken rana. A shafa wa takarda magani, a ɗora ledar, a shanya, a wanke. Ya kalli takardata ya yi tsaki.

"Wagga takarda ƙishi gare ta, ɗana. Shanye maganin za ta yi. Ka dahwa ganda, ka tace ruwan, ka shafe ta. Ka sa alam ciki don shi kama."

Da na dawo Bodinga sai na kwashe gandar miyar Inna. Ai kuwa na sha faɗa! "Mi kaka yi da gandata? Takarda ka cin nama yanzu?"

Alam ɗin kuwa na raina shi. Abin da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, ina ruwansa da hoto? Na bar shi. Na shafa ruwan ganda da maganin da tsohon ya ba ni, na shanya. Hoto ya fito shuɗi, ras, har ɗinkin hular Baba. Ina tsoma shi a kwano sai ruwan gandar ya saki, fuskar ta narke kamar kamun koko. Wallahi na zauna daɓas, na zagi kaina son raina.

Na koma na sayi ganda da kuɗina, na jiƙa alam, na shafe takarda har sau biyu, na bar ta kwana uku ta bushe. Wannan karon na wanke, na ƙara wankewa, Baba bai motsa ba.

Inna na kan tabarma ta gama alwala lokacin da na miƙa mata. Ta riƙe shi nesa da fuskarta. Sannan ta ɗora jiƙaƙƙen yatsa a kan gemunsa. Ko ɗigon shuɗin bai zuba ba.

"Shi na," in ji ta. Sai ta ce da hoton, "Malam, ashe hular nan ba ka taɓa gyara mata zama ba."