Saurar Dada

Malam Tukur bai iya zama ba. Ko a aji, a firamaren Maradun, yana koyar da labarin ƙasa ne yana kai da kawowa, har yara su gaji da juya wuya. Shi ya sa da masu awon madatsar ruwan Bakolori suka zo neman wanda ya san ƙasar, aka haɗa su da shi, kowa ya huta.

Babbansu Bature ne daga Rumaniya. Ya gaya wa Tukur cewa wani tsohon masani na ƙasarsu ya koyar da su kada a zana ƙasa sai an taka ta, an ji sunanta daga bakin masu ita. Maganar nan ta shiga ran Tukur, ya yi ta maimaita ta har aka fara kauce masa a kasuwa.

Ranar da awo ya kai gonar mahaifiyarsa Dada, wadda ta bar ta ta huta shekara biyu, akawun masu awo ya nuna ciyawar ya ce, "Wannan fa?" Tukur ya riga ya yi gaba. Ya waiwayo ya ce, "Saura ta!" yana nufin gonar da ke hutu. Akawun baƙo ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya ɗauka saura ne irin na tuwo, abin da aka ci aka rage, sai ya rubuta fili marar mai shi.

Da aka fara raba sababbin gonaki ga waɗanda ruwa zai cinye nasu, babu sunan Dada. Kunya da baƙin ciki suka hana Tukur cin abinci. Ya hau keke zuwa Talata Mafara neman Baturen ya gyara kuskuren, aka ce ya tafi Bakura. A Bakura aka ce Baturen ya koma gida. Wata bakwai yana wannan zirga-zirga. Takardar gyara ta fito bayan an gama rabo, ruwa kuma ya hau.

Dada ba ta karɓi takardar ba. Ta ce, "Kai ni in gani."

Suka tsaya a bakin ruwa. Tukur ya miƙa hannu. "Ga ta can, Dada."

"Ba nan na ba. Matsa gabas."

Ya riƙa matsar da yatsa a hankali, bisa ruwan da ko'ina iri ɗaya ne, har ta ce, "Tsaya. Nan."