Gyaran Khaulat da Taron Munir

Khaulat 'yar Malam Iliyasu ce, manomin gero a wani ƙauye da ke gefen Dawakin Tofa. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta dawo gida tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Bayan la'asar, in ta gama taya Inna ɓarar wake, sai ta ɗauki tsohuwar kwamfutarta ta koma bakin zaure, don nan kaɗai waya ke kama sabis.

Ba kowa ya san abin da take yi ba. Akwai wata manhaja da ake saka wa ƙananan taurarin ɗan'adam, ita ke gaya musu lokacin kunna na'ura da lokacin juyawa su fuskanci rana. Masu ita sun bar ta a buɗe a intanet, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya aika a duba. Shekara biyu Khaulat tana bin ta layi-layi. Rannan ta gano cewa in batir ya yi sanyi har na'urar ta mutu ta sake tashi, agogonta kan koma baya, ta maimaita umarnin da ta riga ta cika. Ta gwada da batirin solar gidansu, wanda dama mutuwa ba ta yi masa wuya. Sau huɗu aka dawo mata da gyaranta, a na biyar aka karɓa, sunanta ya fito a sabuntawar watan.

Cikin murna ta nuna wa Munir, ɗan ajinsu a jami'a, wanda yanzu ke shugabancin wata ƙungiyar matasa da shi kaɗai ya san membobinta.

Sati uku bayan haka ya aiko mata da katin gayyatar wani taro. Ta isa filin firamare ta tarar da rumfuna da kujerun roba, ga wani ƙaton ƙyalle da hoton Munir kusa da kumbo. An kwaso matan ƙauyuka uku, an ɗora wa na sahun gaba kwamfutoci a cinya. Khaulat ta danna ɗaya, ba ta kawo wuta ba. Ta juya ta, ko batir babu. Ana gama ɗaukar hoto aka bi aka karɓe su.

Munir ya kama lasifika ya ce, "Tauraronmu zai nuna mana inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, ya faɗa mana ranar saukar damina. Ga ƙanwarmu Khaulat da muka horar."

Aka yi tafi.

Da aka tashi, Baba Mati, maƙwabcin gonarsu, ya turo kekensa ya tsaya gabanta. Tun hantsi ya bar girbi ya zo.

Ya ce, "'Yar Malam, yaushe abin naku zai biyo ta kan fadamata? Rijiya biyu na haƙa ban samu ruwa ba."

Ta ce, "Baba, ba mu da wani tauraro. Kuskure ɗaya na gyara a rubutun wasu mutane, shi ke nan."

"To wannan taron fa?"

"Hoto aka zo ɗauka, Baba."

Tsohon ya dubi rumfunan da ake kwancewa, ya tofar da yawu, ya hau kekensa.

Ƙarshen wata hotunan da Munir ya tura suka fito a takardar labarai ta masu manhajar, an rubuta cewa an horar da mata ɗari biyu a arewacin Kano. Khaulat ta jira taron wata-wata da masu manhajar ke yi ta bidiyo, ta ɗaga hannu, ta faɗi duk yadda aka yi. Matar da ke kula da hulɗa da jama'a ta ba da haƙuri, ta ce za a cire. Sai kuma ta ƙara da cewa ko Khaulat za ta turo musu wani hoton daga yankin, wanda ake ganin gona ko bukka a baya. Khaulat ta kashe kyamararta. Ba ta tura komai ba.

Washegari Munir ya kira, yana cewa ta zubar musu da mutunci a idon duniya, ba ta kishin garinsu.

Ta ce, "Munir, ka je ka ba Baba Mati haƙuri tukuna." Ta katse.

Bai je ba. An ce yanzu yana garin Kunci yana shirya taro kan noma da mutum-mutumi.

Khaulat ta yi wata biyu ba ta buɗe manhajar ba. Barira da Rahmatu, malaman da suke koyarwa tare, su suka matsa mata ta nuna musu yadda ake yi. Ranar Laraba suke zama a ofishin malamai bayan an tashi. Barira ta fara da gyara wani bayani da aka rubuta ba daidai ba a littafin koyon manhajar, har yanzu tana jiran a duba.