Kujerar Bakin Ƙofa ta Tomeo Mai Hoto

Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da awara a layin Yanagi, bango ɗaya ne tsakanina da shagon hoto na Kuwabara Tomeo, kuma ban taɓa ganin mutumin nan ya riga kowa shiga ƙofa ba. Ko kyanwa ce ta zo wucewa sai ya ja gefe. Shi ne na bakwai a gidansu, ubansa ya sa masa Tomeo, wato a tsaya haka nan, ya isa. Ya kuwa riƙe sunan da hannu biyu. An taɓa haɗa shi da wata malamar makaranta, ya ja gefe ya ba wani hanya har aka aure ta, kuma shi ya ɗauki hoton bikin.

Babu ɗan layin nan da bai taɓa tsayawa gaban kyamararsa ba, daga ranar shiga makaranta har ranar aure. Da waya ta zo kowa ya zama gwanin hoto, sai aka bar masa na fasfo da na jana'iza, wanda muke ɗorawa a gaban gawa. Na jana'izar dai bai yanke ba, tunda layin namu tsofaffi ne zalla.

Da can shago hamsin ne a ƙungiyar 'yan kasuwar layin, yanzu mu goma sha uku ne, amma ka ga taronmu sai ka rantse ƙasa muke mulki. A saman shagon taliya muke zama kan tabarma, kowa da gurbinsa gwargwadon tsufan shagonsa. Can ƙurya nesa da ƙofa wurin Shugaba Isogai ne, mai sayar da yadin kimono, rigarmu ta gargajiya, wanda kakan kakansa ya kafa shagon, kuma ba ya bari mu manta. Ni ce ta goma sha biyu, shagon awarar na gado ne. Tomeo na bakin ƙofa, inda iska ke shigowa, shi ke zuba shayi, domin ubansa baƙo ne, bayan yaƙin duniya ya zo. Shekara saba'in ke nan, amma har yanzu bai gama zuwa ba.

Yana da shekara sittin da takwas ya je wani kwas na tsofaffi a ofishin gari, ya koyo haɗa shafin intanet. Da Shugaba ya ji, sai ya sanar a taro cewa ya daɗe yana tunanin a yi wa layin shafi, kowa ya jinjina wa hangen nesansa. Tomeo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa butar shayi, ya ce zai gwada duk da rashin iyawarsa.

Abin da ya ƙulla shi ne majigin hotuna a saman shafin: hoton shago ya fito, ya ɗan tsaya, na gaba ya biyo. Sati biyu yana bin shaguna da kyamara, ya daidaita girman hotunan kada na wani ya fi na wani ko da ɗan yatsa. Ranar ƙarshe ya leƙo wurina yana murza hularsa.

"Setsuko-san, in ba takura, ko za ki danna mini wannan? Saura shagona."

"To ka matsa mana in ɗauka."

"Da ni a ciki nake so. A ƙarƙashin allon Baba."

Na saki baki. Allon katako ne da ubansa ya rubuta sunan gidan da hannunsa. Tomeo ya ce tsohon har ya mutu bai ga sunan nan a jere da na sauran shagunan layin a takarda ɗaya ba, in ban da takardar sharar titi. Na ɗauka, hoton ya ɗan karkace, hannunsa a sama yana nuna mini inda zan danna. Ya duba ya ce ya yi kyau ƙwarai. Ƙarya yake, amma ranar na ji tausayinsa har cikin raina.

Ya jera hotunan yadda muke zama: Isogai farko, shi ƙarshe. Ya kawo kwamfuta taro, ya kunna. Ka ce an gama? Ai lokacin aka fara.

Mai kantin magani ta tambaya daƙiƙa nawa kowane hoto ke tsayawa. Ya ce huɗu. Ta dafe ƙirji. "Huɗu? A kantin magani? Kuwabara-san, mutuwa kake kira wa masu sayen maganina?" A harshenmu huɗu da mutuwa furucinsu ɗaya ne. Aka mayar biyar. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce yadi ba kamar awara ba ne, sai ido ya zauna a kansa, aka ba shi takwas. Na ce awarata ma ba ta ƙi a kalle ta ba, babu wanda ya ji.

Sai yadda hoto ke sauyawa. Tomeo ya zaɓi wanda hoto ke dusashewa a hankali na gaba ya bayyana. Wanzami ya ce shi bai yarda a nuna shagonsa yana narkewa ba, da ransa da lafiyarsa. Aka koma wanda hoto ke zamewa gefe. Mai takalma ya ce yanzu kuma ga shagon kifi yana ture nasa waje a gaban duniya. Duniyar nan kuwa, na tambayi Tomeo daga baya, mutum tara ne a sati, kuma shida daga ciki mu ne. Taro uku aka yi kafin aka amince hoto ya ɓace farat ɗaya kawai, ba narkewa ba turewa. Duk wannan Tomeo yana sauya saiti yana cewa laifinsa ne da bai yi tunani ba.

Aka saki shafin, aka sha giyar shinkafa, aka tafa wa Shugaba. Kwana goma Tomeo yana tafiya kamar an rage masa shekaru. Kullum da safe sai ya buɗe kwamfuta ya zauna ya jira shaguna goma sha biyu su wuce, don ya ga allon ubansa na daƙiƙa biyar. Akwai kibiyar da zai danna ya tsallake, amma ina, Tomeo ya tsallake manya?

Kibiyar ce ta kashe shi. Rannan Isogai yana nuna wa surukinsa shafin, yatsansa ya faɗa kan kibiyar baya maimakon ta gaba. Daga shagon yadi sai ga Tomeo da hannu a sama. Aka kira taron gaggawa.

"Kuwabara-kun," in ji Shugaba, da muryar da ake yi wa yaron shago, alhali shekara biyu ce tsakaninsu, "ni ne na farko, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Shugaba."

"To wane ne wannan a gabana?"

Tomeo ya yi bayani, yana haɗa gumi, cewa majigin zagaye yake yi, in ya kai ƙarshe sai ya dawo farko, don haka na ƙarshe da na farko kafaɗa da kafaɗa suke. Kafaɗa da kafaɗa! Mutanen da suka shekara saba'in suna auna tazarar tabarma tsakaninsu da ƙofa, yau an ce musu ɗakin ba shi da ƙurya. Wanzami ya ce shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba.

Tomeo ya ce abu ne mai sauƙi, akwai wurin da ake kashe zagayen. Ya cire alamar nan take, aka zuba ido. Isogai ya wuce, mai magani ta wuce, har aka zo kaina na wuce, sai majigin ya zo kan Tomeo ya tsaya. Ya tsaya cak. Minti ɗaya, minti biyu, ga shi nan da hannu a sama kamar yana gaishe mu. Dariya ta ƙwace mini, na ce ai sunansa ne ya bi shi. Ni kaɗai na yi ta.

"Ni takwas," in ji Shugaba a hankali, "kai kuma har abada."

Na ce, "Haba Shugaba, na'ura ce fa, ba ta san kakan kowa ba." Mai magani ta ja mini hannun riga. Ba wanda ya ce wa Tomeo ya cire hotonsa, mu ba ma faɗin irin wannan. Shugaba dai ya ja iska ta haƙora ya ce lamarin da ɗan wuya, sauran suka kalli kofunansu. Tomeo ya kalli allon kwamfutar, ya ce shagonsa dama ba wani abin kallo ba ne, zai janye shi. Da aka lura cewa yanzu a kaina majigin zai tsaya, sai wanzami ya kawo shawara mai hikima: a sake sa hoton Shugaba a ƙarshe. Aka fara da Isogai, aka tsaya a Isogai. Tomeo ya saita da hannunsa, ya tashi ya zuba wa kowa shayi. Na tsani kowa a ɗakin nan ranar, har da ni da na yi shiru.

Bai ƙara buɗe kwamfutar da safe ba. Bayan shekara ɗaya da rabi zuciyarsa ta tsaya, yana cikin goge gilashin kyamara.

'Yar yayansa, Harumi, mace mai furfura, ta zo daga Tokyo shirya jana'iza. Ta shigo wurina ido jawur ta ce ta zazzage shagon kaf, akwati sama da talatin na hotunan mutane, babu na kawunta ko ɗaya da za a ɗora a gaban gawa. Ta ga na Isogai kala shida, har da wanda Tomeo ya ɗauka ya ajiye don jana'izar Shugaban.

Na ce ta buɗe kwamfutar. Kalmar sirrin na manne a ƙasan linzamin kwamfutar, na sha ganinta. Na zauna kusa da Tomeo sau da yawa yana wannan aikin, na san inda jerin hotunan majigin yake. Muka gangara ƙasa, muka wuce Isogai na biyu, sai ga layi na goma sha huɗu ya yi dishi-dishi. Ashe bai goge ba. Alamar "nuna" kawai ya cire ya sa "ɓoye", daƙiƙa biyar ɗinsa na nan yadda ya rubuta. Harumi ta ce a yanke allon ubansa daga hoton a bar fuskar. Na ce in ta taɓa allon nan ni da ita ne.

Haka aka ɗora hoton a can ƙurya, sama da fararen furanni, a karkace, hannu a sama. Isogai ya zo da baƙar kwat ya durƙusa a ƙasansa, ya sunkuya, ya ƙona turare, ya gaya wa Harumi cewa marigayin ginshiƙin layin ne.

Ban gaya wa kowa ba, amma kafin mu rufe kwamfutar rannan na mayar da alamar kan "nuna". Zagayen yana kashe kamar yadda ƙungiya ta zartar, don haka duk wanda ya buɗe shafin layin Yanagi yau zai ga Isogai, ya ga sauranmu, ya sake ganin Isogai, sannan majigin ya tsaya a kan Tomeo da allon ubansa. Shugaba ya kira taro sau biyu a kan maganar, kwamfutar kuma tana Tokyo. Da ya juyo kaina, daga sabon gurbina na bakin ƙofa na ce ni mai awara ce, ina ni ina na'ura, na tambaye shi ko in ƙara masa shayi.