Fadamar Baba Nomau

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da wani dattijon majami'armu, muka nufi tashar motocin Rano. Tun da na dawo 'yan'uwa suke tambayata yadda tafiyar ta kasance, ina ta ce musu lafiya lau. Ba lafiya lau ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto muku.

Ga abin da ya fitar da mu. A wani ɗan ƙauye gaba da Kibiya akwai wani tsoho, Baba Nomau, Bamaguje ne da ya karɓi Almasihu shekarun baya, kuma gidansa kaɗai ne na masu bi a wurin. Yana da fadamar da ya gada, da ita yake ciyar da jikokinsa marayu. Sai surukin dagacin ƙauyen ya wayi gari ya ce tasa ce. Baba Nomau ya aiko mana cewa za a yi zama ranar Laraba, ya kuma san za a ce ya rantse da ƙarfe irin rantsuwar Maguzawa, shi kuwa ya bar wannan hanya. Roƙonsa ɗaya ne, a kawo masa Littafi Mai Tsarki, in rantsuwa ta kama ya dafa shi.

Kun san ni, tela ne, ban taɓa faɗa da kowa ba sai zaren da ya sarƙe. Ɗan doka in ya yi tari a ƙofar shagona sai na soke yatsa. Ga kuma lokacin da muke ciki, ko'ina zancen mulkin kai ake yi, baƙo in ya shiga ƙauye da takarda a hannu sai a ce ɗan siyasa ne, kafin ya gama bayani an ɗaure shi. Don haka na naɗe Littafin a ƙyalle, na cusa shi ƙasan jaka, na ɗora gishiri da sabulun tsaraba a kai.

Sule uku-uku muka biya a wata mota mai bodin katako. Hanyar gargada ce tsantsa, benci yana dukanmu muna dukan juna. Dama da hagu mutane suna sharar gona, jakuna suna kai taki, kowa yana ɗaga kai yana duban hadari. Ana cikin hira wani fatake ya ce in Nasara ya tattara ya tafi, masu bin addininsa sai su bi shi a baya. Mota ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa ɗaga murya. Dattijo ya dube ni.

Da hantsi duwatsun Rano suka bayyana. Muka sauka muka sha fura da nono na kwabo biyu a wurin wata Bafulatana, nono na gaske, ba irin na birni da aka yi wa wanka ba. Daga nan babu mota, sai ƙafa. Rana ta buɗe sosai, muna tafe muna fakewa a inuwar ɗorawa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu da gajiya, ni kuwa ina amsawa ina ƙara matse jaka a hammata, gani nake kowa ya san abin da ke ciki. Da la'asar muka shiga Kibiya. Wani manomi ya sauke mu a zaurensa, ya kawo tuwon dawa da miyar kuka, bai tambaye mu addininmu ba.

Da gari ya waye, kurkunun da ke ƙafar dattijo ya tashi, ƙafar ta kumbura, ko taka ta ba ya iyawa. Shi ne mai baki a cikinmu, ni dama ɗan rakiya na ɗauki kaina. Ya miƙo mini jakar ya ce, "Ka je, Ubangiji yana gabanka." Na karɓa, na kama hanya ni kaɗai.

Na sami Baba Nomau a ƙofar gida yana jirana, dogo, siriri, ido ɗaya ya yi fari. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambaya ko na zo da shi, na ce i. Kan hanyarmu ta zuwa wurin zama ya nuna mini fadamar, ga rake ya yi kore shar, ga inda ya cire albasa, ga inda yake shirin zuba shinkafa in ruwa ya sauka.

A gindin tsamiyar ƙofar dagaci aka zauna, kusan duk mazan ƙauyen suna nan. Kusa da dagaci ga wani ɗan doka, ya ɗora kulkinsa a cinya. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan baƙon fa?" Baba Nomau ya ce, "Ɗana ne daga birni." Na durƙusa na yi gaisuwa, na koma gefe na zauna, jaka a kan cinyata.

Surukin dagaci ya yi maganarsa mai tsawo. Aka tambayi Baba Nomau shaidu, wurin ya yi tsit. Can sai wani tsohon malami, mai makarantar allon ƙauyen, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai tun ina yaro uban Nomau nake gani a fadamar nan. In na yi shiru Allah zai tambaye ni." Daga baya na ji cewa surukin nan ne ke aika wa makarantarsa hatsi duk kaka.

Dagaci ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba sai an cika da rantsuwa. Aka kawo ruwan gatari aka ajiye a ƙasa. Al'adar ita ce mutum ya lashi ƙarfen, ya kira abin da kakanninsa ke bauta wa, ya ce ƙarfe ya ci shi in ƙarya yake yi. Baba Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, na bar ƙarfe. Ina da Littafi." Ya juyo ya dube ni. Kowa ya juyo, har da ɗan dokan.

'Yan'uwa, hannuna yana kan jakar. Ina jin gefen Littafin ta cikin ƙyalle. Amma idona yana kan kulkin nan, ina tunanin igiya, da shagona, da 'ya'yana. Dagaci ya ce, "Ina Littafin?" Na sunkuyar da kai na zuba wa ƙasa ido, hannun nan ya ƙi motsi.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Muryar Baba Nomau na ji yana cewa, "A bar shi, ranka ya daɗe. Fadama tawa ce, Allah ya sani, Malam ya sani, kai ma ka sani. Ƙarfe kuwa ba zan lasa ba." Dagaci ya ce wanda ya ƙi rantsuwa ya bar haƙƙinsa. Aka shafa fatiha, aka watse. Ko da na fito da Littafin za a yarda ya dafa? Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, wannan ne yake cin raina.

A gidan Baba Nomau na fashe da kuka. Ya sa aka kawo mini dafaffen dankali, ya ce, "Ka tako ƙasa tun daga birni saboda ni. Ci abinci, ɗana." Da zan tafi ya tara jikokinsa muka durƙusa. Shi da bai san harafi ko ɗaya ba, shi ya yi addu'a. Ya gode wa Ubangiji don malamin da ya faɗi gaskiya. Ya roƙa a cire mini tsoro. Sannan ya roƙa shinkafar da surukin dagaci zai zuba a fadamar ta yi kyau, domin shi ma yana da yara masu ci. Jikokin suka ce amin. Ni bakina ya ƙi buɗewa.

Ranar Alhamis muka sami jaki ya kai dattijo Rano, muka hau mota, muka shigo gida da la'asar. A hanya na gaya masa komai. Ya ce in gaya muku ku ma.

Na tafi ina zaton ƙarfafawa zan kai wa tsohon nan, ashe ni ne mai bukata. Na koyi cewa mai faɗin gaskiya ba lalle daga cikinmu zai fito ba, kuma ɗaukar Littafi a jaka ba shi ne riƙe shi ba. Baba Nomau yanzu wani tudu mai duwatsu yake sharewa, ga damina ta ƙarato, duk mai hali ya tuna da shi da jikokinsa. Ni ma ku sa ni a addu'a. Kwana shida ke nan ina maimaita addu'arsa kowace safiya, in na zo kan shinkafar sai in tsaya. Yau da safe na iya cewa amin.