Baƙon da Yaya Idi Ya Ƙi Kora

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar Yaya Idi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ce ƙanwarsa Rabi, mai sayar da atamfa a unguwar Dapoya, nan Wagadugu. Duk watan Agusta, in hadari ya haɗu bayan la'asar, sai in gan shi a raina zaune a zauren gidanmu na Zango, ya jingina waya da butar shayi, yana kallon ƙattin Amurka suna ture juna a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda.

Bala, ɗan baffanmu da ke tuƙa tasi a Amurka, shi ya jawo mana wannan jaraba. Fantazi suke ce mata. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske ya haɗa ƙungiyarsa a cikin waya, abin da suka yi a fili ranar Lahadi shi ne makinka. Ba caca ba ce, ko dala ba a sawa. Mu goma ne, duk jikokin gida ɗaya, wasu a Kumasi, wasu a Yamai, wasu a Abijan. Ni don cike gurbi aka sa ni, har na ce musu ba su da aikin yi. Sai ga mutanen da rasuwa kaɗai ke haɗa su suna tsokanar juna da Hausa kowace Litinin, ni ma a ciki, har na fi kowa baki.

Kafin ranar zaɓe akwai wasannin gwaji, kuma nan ne Yaya Idi yake nutsewa. Bala ya sha gaya masa kada ya ruɗu da su. Manyan 'yan wasa ɗan taɓawa suke yi su koma benci. Abin dubawa, in ji Bala, shi ne wa koci ya fara da shi, wa ake miƙa wa ƙwallo in an zo bakin layin cin maki, wa ya ji rauni. Sauran wasan na yaran da za a sallama ne kafin wata ya ƙare. To, wannan sauran shi Yaya yake zama ya kalla. Yakan ce mini, "Rabi, Baba in zai sayi goro saman huhu yake dubawa? Hannu yake zurawa har ƙasa." Yana lura da wanda ke saurin tashi in an maka shi da ƙasa, da wanda ke tare wa ɗan'uwansa hanya alhali ƙwallon ba tasa ba ce. Ba zan yi masa ƙaryar yabo don ya mutu ba: sau da yawa idonsa kuskure yake yi. Zai ɗauko yaron da ya haskaka a gwaji, kafin a fara gasa an kore shi.

Kowa yana irin wannan kuskuren. Gyaransa kuwa danna waya ne sau ɗaya, ka saki wancan ka ɗauki wani. Yaya Idi ba ya saki. Mahaifinmu mai masauki ne, fataken Kano a gidanmu suke sauka da dilolinsu, wani ya yi mako, wani ciniki ya karye masa ya yi shekara, ba a taɓa ce wa ɗayansu ya tattara ba. Haka Yaya ya ɗauki ƙungiyarsa. Ranar da Bala ya yi ta masa faɗa a waya, ina jin sa ya ce, "Ni na kira shi, Bala. Don wasu sun kore shi sai ni ma in kore shi?" Kai, wannan mutum ya ba ni haushi! Shekara bayan shekara shi ne na ƙarshe, bencinsa cike da mutanen da ba sa buga komai, yana ta dariyarsa.

Na ƙarshen da ya ɗauko wani ɗan gajere ne mai gudu kamar an sako shi. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka sa masa Gajere. An kore shi kamar sauran. Yaya ya kwanta ciwo, bai ga tsakiyar gasar ba. Dokarmu ta yarda kowa ya riƙe mutum ɗaya daga shekara zuwa shekara, don haka na karɓi ƙungiyar Yaya na haɗa da tawa hidimar, duk Agusta in riƙe masa Gajere. Ban san ko yaron yana raye ba. Shi kuwa bai san akwai wani gari Wagadugu ba, balle ya san yana da masauki a ciki.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zan nuna masa ba. Mu goma mun koma huɗu. Ba mai kallon wasan gwaji, waya ce ke zaɓa wa kowa, ita ta san wa ya fi, ba ruwanta da wanda ya tashi da sauri. Tsokanar Litinin ta mutu. In saƙo ya shigo, da Faransanci ne, layi ɗaya, galibi a kan gidan, don magada sun amince a sayar wa wani ɗan kasuwa da zai yi shaguna. Ban hana ba. Rufin yana yoyo, kuma rabon da baƙo ya sauke kaya a ƙofar nan har na manta.

Makon jiya Nura, babban ɗan Yaya, ya same ni a shago ina ƙoƙarin riƙe Gajere kamar kullum. Ya ce, "Gwaggo, c'est fini, an gama. Ki saki mutumin nan don Allah. Baba ma ya tafi." Na ce ya kiyaye ni. Na duba sama, na duba ƙasa, babu sunan. Na kira Bala. Ya ce wanda ya daɗe bai buga ba masu manhajar share shi suke yi. Ya ƙara da cewa in gurbin Gajere a ƙungiyar Yaya ya zauna fanko ba za a yi zaɓe ba, kuma shi ma ya gaji, ƙila bana ce ta ƙarshe.

To me ya rage na Yaya Idi? Bai taɓa cin gasa ba. 'Ya'yansa sun gaji tsawonsa, ba su gaji taurin kansa ba, kuma ban ga laifinsu ba, zamanin bai da wurin irin wannan hali. Ni kaina ina jin tsoron ranar da zan ba da labarinsa a ɗauka shirme nake faɗa. Wallahi ina kewarsa, har da haushin da yake ba ni.

Wayar tana ta matsa mini in sa wani a gurbin. Ban sa ba. A gidanmu, in baƙo ya fita bai yi sallama ba, share ɗakin ake yi a ja ƙofa, ba a sa kwaɗo. Da damina ta ɗauke za a rushe zauren.