Baƙuwar da Ta Kira Inna Gwaggo

Ina koyar da tarihi a koleji a Gure shekarar da matar nan ta zo gidanmu. Ta yi sallama da la'asar, ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta ce ita 'yar wan Inna ce, wanda ya bi raƙuma tun yana saurayi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wai yana garin Gamu, ya tsufa, ba ya iya tafiya.

Inna ta rungume ta tana kuka. Ni kuwa na kawo ruwa na zauna ina saurare.

"Har yanzu yana da tabon nan a goshi?" in ji Inna.

"Yana nan, Gwaggo, kamar jiya aka yi shi."

"Jaki ne ya harbe shi."

"Kullum sai ya ba mu labarin jakin nan."

Haka hirar take tafiya kowace rana. Inna ce ke fara faɗa, baƙuwar ta ƙarasa. Ban taɓa jin ta kawo wani abu nata ba.

Ranar da muka sauka lambunmu na cikin kwari tsinkar yakuwa, na faɗa wa Inna abin da nake karantar da ɗalibaina: Girkawan da can sun ɗauki yaudara tamkar mace ce mai rai, dare ne ya haife ta, tana shiga cikin mutane da fara'a.

"To ke Bagirkiya ce?" in ji Inna. "Yarinya ta yi mini tausa, ta yi mini kitso, kin tashi kina kiranta 'yar dare."

Da muka koma gida na ce wa baƙuwar ran kasuwa za mu hau mota mu je Gamu, Inna ta ga ɗan'uwanta. Baƙuwar ta yi murna har da tafi. Washegari ta ce za ta sayo masa goro, ta fita da mayafinta. Ba ta dawo ba.

Na duba ɗaki, ko cokali bai ɓata ba. Daga baya wani makiyayi ya ce ya ga mai kamarta a garin Alakos, gidan wata tsohuwa.

Inna ta daɗe ba ta sakar mini fuska ba. Wata safiya tana damun fura ta ce, "Ai na sani tun rana ta biyu. Yayana ba shi da tabo a goshi, a haɓa yake. Da kin bar mini ita."